Baƙuwar Dawa

Tun da aka kafa dokar sayen amfanin gida, masana'antu ba sa karɓar hatsi sai na'urar bakin ƙofa ta shinshina ta ce na gida ne. Ita kuwa irin kamfani kaɗai ta sani.

Tabawa ta kawo dawar da ta gaji irinta wurin kakarta. Na'urar ta shinshina, ta ce, "Baƙuwa."

"Ki yi haƙuri, Iya," in ji mai gadi.

Tabawa ta dube shi sheƙeƙe. Ta tona ƙasa da dunduniya a gefen ƙofar, ta jefa ƙwaya, ta tuttula ruwan gorarta.

"Iya, me kike yi?"

"Ba baƙuwa ba ce? A garinmu baƙo ruwa ake ba shi, a ba shi masauki. Ta sauka ke nan. Taɓa ta ka gani!"