Fasinjar Yankara

"Direba, rage gudu mana," in ji matar da ta hau a Yankara.

Gide direba ya harare ta ta madubi, ya ja tsaki. "Hajiya, mace mi ta sani a mota? In tsoro kike, ga jaki nan."

Ya juya wurin na kusa da shi yana taƙama. Tun da aka ƙwace mashi lasisi don ya banke shanu a hanyar Faskari, ko yini ɗaya bai ajiye mota ba. Yau ma lasisin zai karɓo a Funtuwa, amma shi ba ya hawa titi ba lodi.

"Wai sai na kawo inshora. Ga ta, a gindin bishiyar tasha aka haɗa mani. 'Yan ofis? Ko takardar ƙosai ka miƙa masu, hatimi za su buga."

A Funtuwa ya sauke fasinja, ya ci tuwo, ya gyara hula, ya shiga ofis da sallama.

Hajiyar nan ta Yankara ce zaune bayan tebur. Ko kallon inshorar ba ta yi ba, ta miƙo hannu.

"Kawo makullin motar. In gida za ka, ga jaki nan."