Linjilar Rantsuwa

Mahaut ta ja zaren ƙarshe, ta tsinke shi da haƙori, ta kifa littafin a kan tebur. Ɗinki ya zauna daram. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata alluransa da wuƙaƙensa na gyaran littattafai, ba ta taɓa aiki irin wannan ba.

Linjilar cocinsu ce. Sufayen gidan ibadar da ke kan tudu suka rubuta ta da Latin, tun zamanin kakannin mai gari, a kan fatar 'yan maruƙa. An ce garke guda ya tafi a cikinta. Harafin farko na kowane babi da ruwan zinare aka zana shi. Ta sha gobara ta tsira, sai ga ɓeraye sun cinye mata baya, shi ya sa limamin cocin, Fada Odon, ya kawo ta gyara. Ba a karatu da ita, Fada yana da ƙaramin littafinsa na kullum. Wannan ta rantsuwa ce. Wanda aka zarga babu shaida, ya ɗora hannu a kanta ya rantse, a sake shi, a bar shi da Allah.

Littafin yana hannunta aka tsinci mai gadin dajin mai gari a bakin rafi, kai a rotse. Kowa ya san ya taɓa zane Garnier, ɗanta tilo, a kan farauta. Aka zo aka tafi da yaron. Da yake babu shaida, aka sa masa ranar rantsuwa. Rigar da ya kawo mata wanki a ranar ta wanke ta, ba ta tambaye shi komai ba.

Daga nan ta kulle ƙofar shago ta duƙufa. Ta sayo fatun tumaki, ta kankare su, ta goge da dutse har suka yi santsi. Da ta gama ɗinki ta kanga gefen littafin a hayaƙin murhu, don faci kada ya fi tsohon jiki haske. Ta matse shi tsakanin allunan katako, ta ɗaure maɗaurai biyu na tagulla tamau, yadda sai ƙato zai ɓalle su.

Fada Odon ya zo karɓa, ya ɗaga shi da yatsunsa da sanyi ya nannaɗe.

"Kamar ya rage nauyi, Mahaut."

"Kai ne ka ƙara ƙarfi, Fada. Cukun matan gari ya karɓe ka."

Ya yi dariya, ya sa mata albarka.

Ana gobe rantsuwa ta kai wa Garnier burodi a ɗakin tsaro. Gilot, mai gadin ɗakin, ya karya shi ya duba ciki.

"Tsohuwa, da wannan kika zo ciyar da shi ko fasa ƙofa?"

"Haƙoranka ne suka ruɓe. Ba shi abinsa."

Gilot ya fita zagayawa. Suka rage su biyu. Garnier ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Inna, kin tuna mai niƙan nan? Wanda ya rantse a kan ƙarya hannunsa ya shanye, ya mutu ba a yi masa addu'a ba?"

"Labarin tsorata yara ne."

"Ke kika ce da idonki kika gani."

Ita ta ce kuwa. A gindin teburin aikinta ya yi rarrafe, kullum tana buge masa hannu, tana cusa masa tsoron littattafan Allah har ya zauna masa a ƙashi.

Akwai maganar da ta zo da ita a baki. Ta buɗe, sai ta dubi nasa bakin, bakin da kofi biyu na giya ke kwancewa a gaban kowa. Ta tuna irin abin da ake yi wa mace idan magana irin wannan ta fita. Ta haɗiye.

"Ka ɗora hannu ka rantse kawai. Ka ji ni? Kada ka yi tunani."

Takun Gilot ya dawo.

Washegari coci ta cika. Mai gari na zaune, matar mamacin na tsaye da 'ya'yanta. Fada ya ajiye Linjila a rufe, kamar yadda aka saba. Garnier ya matso. Ya miƙa hannu har inuwarsa ta sauka a kan bangon. Mahaut ta kafa masa ido. Kalma huɗu ko biyar, su koma gida.

Hannun ya tsaya a sama. Ya daɗe a haka. Sannan Garnier ya janye shi, ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Ba zan yi ƙarya a kan maganar Allah ba. Ni na buge shi."

Kafin mako ya zagayo aka rataye shi a mararrabar gari.

Labari ya bazu har ƙauyukan ƙetaren kogi. Mutane suka riƙa zuwa da kyandir, suna durƙusawa gaban littafin, suna sumbatar maɗauransa. Fada Odon ya tare Mahaut a ƙofar coci, ya riƙe hannuwanta biyu.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Kin rasa ɗa, amma ransa ya tsira. Littafin da kika gyara da hannunki shi ya ƙwato shi."

Ta zare hannuwanta. Ta koma gida, ta saka sakata, ta ture akwatin garin alkama gefe, ta zauna a ƙasa dirshan. Linjilar sufaye tana nan a ramin da ta ɓoye ta, shafi bisa shafi, da zinarenta. Abin da Garnier ya ji tsoron ɗora wa hannu fatun tumaki ne farare, ko harafi ɗaya babu a ciki.