Abin da Akwatin Tsuntsaye Ya Ji

Sau goma sha ɗaya kwamfuta tana maido wa Inuwa aikinsa da amsa guda: umarnin ya yi wa ƙwaƙwalwar akwatin yawa.

Akwatin na naɗar sauti ne, bai fi rediyo girma ba. Masu ƙidayar tsuntsaye a fadamar Baturiya ne suka ɗauki Inuwa aiki a Haɗeja, a shekarar casa'in da shida ko da bakwai, don ya koya masa tace sauti: ya riƙe kukan dinya da kirinjijiya, ya zubar da iska da kukan shanu. Inuwa ke rubuta umarni, wata manhaja da suke kira kwamfaila ta juya shi zuwa harshen da ƙwaƙwalwar ke ji. Halinta ɗaya, duk layin da ta ga ba shi da amfani sai ta share.

Wannan karon ba tsuntsu ake nema ba. Ranar da kwalekwalen Fannami masunci ya kife, taru ya harɗe masa ƙafa, akwatin na bakin ruwa yana naɗa. Inuwa ya faɗa wa kowa cewa ajiye shi ya yi ya wuce Kirikasamma. Matar mamacin, Barira, ta aiko daga ɗakin takaba. Abu ɗaya take so ta sani: ko mijinta ya cika da kalmar shahada.

Mako uku Inuwa yana kan kaset ɗin da akwatin ya naɗa. Layuka bakwai kwamfaila ta yi ta sharewa yana mayarwa, har ya haƙura ya rubuta su da hannu, lamba bayan lamba. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Bai ƙara zuwa bakin kogi ba.

Ran Juma'a da hantsi ya kai akwatin zauren gidan mamacin, ya kunna. Ƙarar ruwa, fukafukan agwagi, shiru. Ruwa, shiru kuma. Can sai murya, a gajiye: "La'ilaha illallah."

Daga bayan asabari Barira ta ce, "Wallahi shi ne. Alhamdu lillahi. Malam, wannan shiru-shirun fa?"

"Iska ce, na cire."

"Allah ya saka maka. Da ma yakan ce a cikin 'yan boko kai ne nasa."

Ya ce amin. Ya naɗe waya, ya ɗaure akwatin a bayan babur, ya hau hanya. Bai ji daɗi ba, bai ji baƙin ciki ba.

A kaset na asali, a gurbin kowane shiru, har sau bakwai, Fannami ne ke cewa, "Inuwa, jefo gora!" yana kallon Inuwa tsaye a gaɓa, rungume da akwatin kada ya jiƙe.