Ranar da Warin Dizal Bai Yi Sallama Ba

"Wane ne nan?" Makauniyar tsohuwa ta dire butar shayin na'ana'a, ta lalubo sandarta.

"Haba Umma, ɗanki ne fa!"

"Ƙarya kake. Ni nawa, warin dizal ke riga shi sallama."

Ya yi dariya, ya durƙusa gabanta. Shekara ashirin ke nan yana jan kwantenoni a tashar jiragen ruwa, cikin hayaƙin da ya cinye huhun mahaifinsa.

"An canza mana motoci, Umma. Lantarki suke sha, babu hayaƙi."

Ta jawo kansa ƙirjinta ta shinshina, ta daɗe ba ta sake shi ba.

"Alhamdu lillahi," ta ce, muryarta na rawa. "Rabona da ƙamshin ɗana tun ranar da ka gaji aikin ubanka."