Allon Da Ke Saman Tukunya

"Baba, ɗaga kai ka gani," in ji wani ɗan ƙwallo, yana nuna wa mahaifin budurwarsa bango.

Da gangan ya kawo shi wannan shagon taliya na Osaka, domin tsohon ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga ɗan ƙwallon da ko a talabijin ƙeyarsa kawai ake gani ba. Bangon cike yake da allunan da mashahurai suka sa wa hannu, nasa kuwa yana can sama shi kaɗai, daidai kan tukunya.

Tsohon ya gyara tabarau. "Maigida, wancan wane babban mutum ne?"

Mai shago ya dubi allon, ya ci gaba da tsame taliya. "Oho! Wani yaro ne. Rami ne a wurin, ɓeraye na shigowa. Ina zan bari tururi ya ɓata mini allon mawaƙa? Shi ya sa na toshe da nasa."

Saurayin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohon kuwa ya shanye romonsa tas, ya goge baki.

"Ɗana, gobe ka zo gida da allo da alƙalaminka. Tagar banɗakinmu ta fashe."