Tsinken Maigida

"Tsinken gwajin cikin nan ya lalace," ta ce. Layi biyu ya nuna.

Shekara shida da likita ta ce jakar ƙwanta ta yi ƙuraje. Al'ada sai ta ga dama take zuwa, tsinke kuwa kullum layi ɗaya.

Ta miƙa wa mijinta sabo. "Shiga banɗaki ka gwada. In kai ma biyu ne, mu mayar wa mai kemis kayansa."

"Ni? Da gemuna?"

"Ni ma ai ciwon nan ya fito min da ɗan nawa gemun. Shiga!"

Ya fito yana washe baki. "Alhamdulillahi, ɗaya ne! Ba ni da ciki."

Ta sulale ƙasa, ga dariya ga hawaye. Ya dubi tsinkensa, ya dubi nata.

Shi ma ya sulale ƙasa kusa da ita.