Gafakar Malamin Lamba

Da agana ta ɓarke a Gwaska, Baturen likita ya nemi malamin lamba, mai yi wa mutane rigakafi, da zai zauna can har ciwon ya lafa. Nababa ne kaɗai ya ce zai je.

Yana zaure yana cusa auduga, sabulu da dakuwa a tsohon buhu, sai Furera ta yi sallama. Rabonsu da juna tun ranar da mahaifinta, Mailafiya baduku, ya ce ba zai ba mai bin cuta ƙauye-ƙauye 'yarsa ba.

"Malam, da wannan buhun za ka ratsa daji?"

"Shi gare ni."

Ta miƙo masa sabuwar gafaka ta jar fata. Ya juya ta, sai ya ga ɗinki layi biyu a bakinta. Duk Birnin Gwari an san Mailafiya ba ya yi wa kowa wannan ɗinkin sai 'ya'yansa.

"Baba ya san kin kawo?"

Furera ta ɗago kai, ta dube shi ido cikin ido.

"Shi ya aiko ni. Ya ce aro ya ba ka. Ka maido masa da hannunka, tare da manyanka."